Kwandon Lambu Bayan Tafiyarki

Zuwa ga maiɗakina, marigayiya Hajiya Hauwa'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina rubuto miki ne daga gidanki na Haɗeja, a daidai lokacin da ruwa ya fara janyewa daga fadama. Na san takarda ba ta isa inda kike. Na kuma san waɗanda za su karanta wannan a shafina: tsofaffin ɗalibaina ne, da malaman da muka yi aiki tare kafin in yi ritaya, da 'ya'yanki biyu. To, su karanta. Magana ta yi min yawa a ciki, kuma ke kaɗai na saba gaya wa.

Saura wata guda ki cika shekara. A duk tsawon lokacin nan ban iya zama wuri ɗaya ba. In na zauna a zaure sai in ji kamar na manta wani abu a lambu, in na je lambu kuma sai in ji kamar na bar tukunya a kan wuta.

Kin tafi ne a makon da muke shirin dashen tumatir. Kina kwance a asibiti, hannunki da ƙarin ruwa, amma abin da ya dame ki shi ne irin da na yafa. Kika ce, "Malam, kada ka bar irin nan ya tsufa a fangali saboda ni." Na ce miki to. Bayan an yi addu'ar bakwai na koma lambu, na tarar irin ya yi tsawo ya fara kwanciya. Malam Bukar, maƙwabcinmu na lambu, shi ne ya riƙa ba shi ruwa da injinsa ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ya ce in haƙura da shi in nemi wani irin. Na ƙi. Na dasa shi a haka, kuma wallahi ban taɓa ganin tumatir ya yi min 'ya'ya kamar na ranin nan ba. Latas ya yi, alayyafo ya yi, tattasai har rassansa suna karyewa. Na riƙa tsayawa a bakin fangali ina jin haushin yadda komai ya yi kyau.

Kin san al'adarmu. Abin sayarwa dillalai su kwashe, amma duk bayan kwana biyu akwai kwandon gida, wanda nake zaɓa da hannuna in ɗaura a bayan babur. Ranar da na fara cire alayyafo, sai hannuna ya cika kwandon kamar kullum. Na zo gida, na yi sallama, na sauke shi a ƙofar kicin. Sai na tsaya. Na daɗe a tsaye kafin in gane cewa sannu da zuwa nake jira. Ɗanki Nasiru ya koma wurin aikinsa a Kano, 'yarki Rabi ta koma ɗakinta a Auyo, gidan sai ni da kajinki. Abinci daga gidan Malam Bukar ake aiko min. Kwandon nan ya yi kwana huɗu a inda na ajiye shi, tumatir ya yi laushi, ganye ya yanƙwane, daga ƙarshe awakin maƙwabta suka ci.

A nan ne na fara tuna faɗan da nake yi miki a kan kwandon nan. Tun da yara suka bar gida nake mamakin yadda yake ƙarewa. In kawo shi a cike ranar Lahadi, ranar Talata ki ce babu albasa. Na sha tambayarki, wai mu biyu ne a gidan nan ko mu ashirin? Ki yi dariya ki ce, "Ganye ne, Malam, da ya ji wuta sai ya koma kamar ba shi." Akwai ranar da na dawo a gajiye, injin ya wahalar da ni tun safe, na ce miki almubazzaranci ne ya yi miki yawa, ba ki san wahalar da ake sha a kawo abin ba. Kina tsinkar alayyafo a faranti. Ba ki ɗago kai ba, kika ci gaba da tsinka.

Da sanyi ya wuce aka shiga azumi, sai na ji kunyar kwanon da ake aiko min kullum. Mutum yana da lambu, kaya suna ruɓewa a ƙofar kicin, kuma yana jiran a ciyar da shi. Wata rana da la'asar na hura murhunki. Kuɓewar rani ta fara 'ya'ya a lokacin, na ce bari in yi miyar kuɓewa ɗanya, tunda shekara talatin da huɗu ina gani kina yi. Ashe gani kawai nake yi. Na zuba kanwa kusan cikin tafin hannu, na rufe tukunya. Miyar ta taso ta kashe rabin wutar, abin da ya rage ya yi baƙi, ga ɗaci. Da ruwa da dabino na yi buɗa-baki, sannan na kira Rabi a waya.

Ta yi dariya har sai da na ji tana tari, daga nan kuma dariyar ta koma kuka. Sannan ta koya min yadda kika koya mata. Kanwa kamar ƙwayar wake, a jiƙa ta, ruwanta kawai za a tsiyaya. Kada a rufe tukunya in kuɓewa ta shiga. Bandar tarwaɗa a wanke ta da ruwan zafi a cire ƙaya tukuna. Daddawa a farko, ba a ƙarshe ba. Na rubuta a bayan kalanda kamar mai shirya darasi.

Labari ya zaga unguwa cewa tsohon hedimasta yana tuƙa tuwo. Malam Bukar ya same ni a lambu, ya ce abin bai dace da shekaruna ba, in bari su nemo min wadda za ta riƙe gidan. Na ce masa na ji. Ban daina ba. Kafin salla na iya miyar alayyafo da gyaɗa, na iya kwaɗon latas da ƙuli, na iya burabusko duk da nawa yana cuɗewa. Da tumatir ya yi yawa a bazara na yanka shi na shanya a tabarma na yi kauɗa, lawashin albasa na daka na dunƙula gabu, kamar yadda kike yi.

Amma akwai abin da ya tsaya min. Ina girki sau biyu a rana, ina cika tukunya da ganye, kuma ko kwata na kwandon ba na iya cinyewa. Ganye yana raguwa a wuta, gaskiya kika faɗa. Sai dai ba ya raguwa haka.

Amsar ta zo min da ƙafarta bayan ƙaramar salla, da hantsi, rana ta fara zafi. Wata tsohuwa ce ta yi sallama a zaure, tana dogara sanda. Ba zan faɗi sunanta a nan ba, zan ce mata Iya. Na san fuskarta sama-sama, a can wajen tsohuwar ganuwa take, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ta ce lokacin rasuwarki tana jinya a wurin 'yarta a Birniwa, sai yanzu ta dawo ta ji. Ta yi min ta'aziyya, sannan ta kwance wani ƙyalle ta fito da langa. Na gane ta nan take, 'yar shuɗiyar nan ce mai furanni da na sha tambaya ina ta shiga.

Ta ce duk Litinin da Alhamis, in za ki Islamiyya, sai kin biyo ta gidanta da ƙulli a ƙarƙashin hijabi. Tumatir, albasa, ɗan ganye, duk abin da lokaci ya kawo. In ba ta da lafiya kuma dafaffiyar miya kike kai mata. Shekara tara kenan. Sai ta matso ta rage murya ta ce, "Hajiya ta ce min Malam ne yake aikowa, amma kada in taɓa yi masa godiya, wai ba ya so. To yau dai sai ka yi haƙuri, na gode. Allah ya saka maka."

Hajiya, na koyar da yara shekara talatin da biyar, ban taɓa jin kunya a gaban mutum kamar ta ranar ba. Na zauna da langar a hannu, tsohuwar nan tana ta sa min albarka a kan abin da na zage ki saboda shi. Na so in ce mata ba ni ba ne. Maimakon haka sai na tashi na shiga ciki na juye mata duk abin da ke cikin kwandon.

Ki yafe min maganar ranar nan. Na nemi gafarar Allah a kanta, amma ke ce aka faɗa wa, kuma ban nemi taki ba kina da rai. Da kin ɗago kai kin gaya min gaskiya, ban san me zan ce ba. Wataƙila da na ce a rage. Ina jin kin san haka, shi ya sa kika yi shiru.

Na kira Rabi na tambaye ta ko ta sani. Ta ce ta sani tun tana gida, ke kika hana ta faɗa. Ta ce ba Iya kaɗai ba ce. Ta gaya min gidan matar wani masunci da ruwa ya ci, aka bar ta da yara huɗu, da gidan wani tsohon tela da idonsa ya mutu. Waɗannan ukun ta sani. Amma ta ce zuwanta na ƙarshe kafin ki kwanta, ta zauna tana kallonki kina ɗauri, kuma ƙulli biyar kika yi. Ta tambaye ki sauran biyun na waye, kika ce ta bar abin da ba a sa ta ba.

Da damina ta sauka na shuka bayan gida kamar yadda kike yi. Yakuwa a jikin katanga, rama da lalo kusa da magudana, kabewa na sa mata kara ta hau rumfa, zogalenki kuwa da kansa ya yi sabon ganye. A tudun lambu na sa kuɓewa da gauta. Ranar Litinin ta farko na ɗaura ƙulli uku na fita. Abin da wuya ga namiji. Ke kina shiga har tsakar gida ki zauna ku gaisa, ni kuwa sai in tsaya a ƙofa in yi sallama, lungu duk ana kallona, in miƙa in juya da sauri. Tsohon telan ya shafa ƙullin da hannu ya ce ɗaurin ba irin na da ba ne, na da ya fi tsauri. Na ce masa ina koyo.

Ta huɗu ita ta same ni. Bafulatanar nan ce mai kawo miki nono, wadda shanun mijinta suka ƙare. Ta zo da ƙwaryarta ta ga yakuwa a bayan gida, ta tsaya tana kallo, sai hawaye. Ban tambaye ta komai ba. Na tsinko mata, na ce duk Litinin da Alhamis ta riƙa biyowa.

Na fara jin kamar zan samu natsuwa. Ranar Juma'a nakan yi miyar yakuwa da ƙarfasa, in zauna a inda kike zama in ci. Tsamin bai taɓa daidaita kamar naki ba, ko ya yi yawa ko ya ɓace, amma ana ci.

Sai ruwa ya zo. Kin san yadda kogin nan yake, ba ya shawara da kowa. Cikin kwana biyu ya haura ya shafe fadama. Ni da Malam Bukar injinanmu kawai muka iya fitarwa. Da na koma bayan kwana uku, a kwale-kwale aka wuce da ni ta kan lambunmu, ina leƙen ruwa ko zan ga kan kuɓewa, ban ga komai ba. A gida kuma katangar baya ta jiƙa ta faɗo a kan rumfar kabewa, ta danne yakuwa, ta karya zogale biyu. Kabewa bakwai ne a kan rumfar, ina jiran su nuna in gwada miyar taushe.

Nasiru ya zo da mota, bai ma tsaya jin ta bakina ba, ya haɗa kayana ya tafi da ni Kano. Kwana ashirin na yi a can, a bene hawa na biyu. Matarsa Maryam ba ta rage ni da komai ba, yarinyar kirki ce, har tambayata take yi wace miya nake so. Amma ba ni da abin yi da hannuna. In fita baranda, in dawo falo, in sake fita. Ranakun Litinin da Alhamis kuwa ko abinci ba na iya ci sosai, ina ta lissafin wa ya leƙa ƙofa yau bai ga kowa ba. Nasiru ya kai ni wurin likita saboda gwiwar nan ta hagu, aka ce in daina durƙuso, in daina shiga taɓo. Da muka dawo ya zaunar da ni. Ya ce akwai mai son lambun zai yi shinkafa, in sayar in dawo wurinsu gaba ɗaya. Ya ce, "Baba, wa kake noma wa? Kai kaɗai ne fa yanzu."

Ba don rashin kunya ya faɗa ba, tsoro ne a idonsa. Ya rasa ki, ba ya so a kira shi wata rana a ce an tsinci ubansa a bakin fangali. Na so in gaya masa komai, amma in na faɗi abin da kika yi dole in faɗi abin da na ce miki, kuma na kasa yin haka ido da ido da ɗana. Na ce ya ba ni lokaci. Ya ce zuwa ƙarshen watan nan. Bayan kwana biyu, da ya fita aiki, na yi wa Maryam sallama na tafi tasha.

Na dawo na tarar kayan da na shanya a bazara suna nan lafiya a saman sif, ruwa bai kai gare su ba. Kauɗa, busasshiyar kuɓewa, gabu, da ɗan garin kuka. Da su nake ta lallaɓawa har sabo ya fito. Kullum ƙulli biyar nake ɗaurawa. Huɗu su tafi, ɗaya ya dawo da ni gida.

Wannan na biyar ɗin shi ya hana ni sakat, Kulu. Na sa matar Malam Bukar ta tambayi matan Islamiyyarku, babu wadda ta sani. Ɗaya ce kawai ta ce tana ganin in an tashi kina karyawa ta lungun da ke bayan kasuwar kifi. Na bi lungun nan ya fi sau goma. Ina tafe ina kallon ƙofofi, wannan ta kara ce, wannan ta buhu ce, wannan ta langa-langa. Kowacce za ta iya zama ita. Amma ta yaya zan tsaya a ƙofar mutum in tambaye shi ko shi ne mabuƙacin da matata take taimaka wa? Wataƙila wanda ya fi kowa jin kunya ne, shi ya sa kika ɓoye shi har ga 'yarki. Kuma in kin gaya masa abin da kika gaya wa Iya, to shekara guda kenan yana ganin Malam ne ya janye hannu da kika mutu.

Yau da safe muka shiga lambu ni da Malam Bukar. Ruwa ya bar mana laka mai kyau, baƙa, irin wadda kike cewa har ƙamshi take yi. Ciyawar kacalla ta cinye gefen da ke kusa da kogi, wannan sai an sa hannu da yawa. Amma gefen sama mun share shi, na ja fangali uku, na yafa tumatir da tattasai da albasa, na rufe da ciyawa. Yanzu haka da nake rubutu gwiwata ta kumbura, na miƙe ta a kan kujera. Malam Bukar ya ce zai riƙa yi min aikin durƙuso, ni in riƙa yi masa tsaron inji. Haka za mu yi har inda ƙarfi ya kai.

Nasiru bai san na sake yafa iri ba. A nan zai karanta tare da kowa, ya ga amsar tambayarsa, ya kuma ga irin mijin da ubansa ya kasance wata rana. Ke kika iya magana da yaron nan, ni kullum sai ta zama umarni. Ina fatan zai gane cewa ba ƙin zama da su nake yi ba. Idan Allah ya kai mu, in an cire albasa zan je in yi musu wata guda, in kai wa Maryam kaya masu kyau.

Na san kuma na tona abin da kika rufe shekara da shekaru, kuma da kina nan da kin ɓata rai. Ki ƙara yafe min wannan. Ba ni da wata hanya. Cikin masu karantawa akwai 'yan wannan lungun, wataƙila maganar ta shiga kunnen da nake nema. Ba na buƙatar in san ko waye. Daga Litinin mai zuwa zan riƙa ajiye ƙullin a bayan ƙofar zaure, in bar ta a buɗe, in tafi lambu ba zan dawo ba sai azahar. Ba zan tambayi kowa wanda ya shigo ba.

Allah ya jiƙanki, Kulu. Allah ya yalwata miki makwanci, ya haskaka shi, ya sa abin da kika ciyar a ɓoye ya tarbe ki a bayyane. Allah ya ciyar da ke daga lambunan Aljanna, waɗanda ruwa ba ya ci. Ya shirya mana Nasiru da Rabi da zuriyarsu, ya sanyaya musu zuciya. Ni kuma ya ba ni ƙafar da zan ƙarasa ranin nan, ya kyautata ƙarshena, ya haɗa mu a inda babu rabuwa. Amin.

Naki har kullum,
Malam Ya'u,
Haɗeja.